Ƙidayar Tsuntsaye: Aikin da Masana Ba Za Su Iya Yi Su Kaɗai Ba

A watannin Afrilu da Mayu na 1969, masu sha'awar tsuntsaye a Birtaniya suka lura cewa wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda ya saba cika shingayen gonakinsu kowace shekara, bai dawo da yawa ba. Da a baki kawai aka faɗi maganar, da sai a ce zato ne. To amma tun 1962 akwai mutanen gari da ke fita sa-kai, ba albashi ba lada, suna ƙirga tsuntsayen da ke sheƙa a filayen da aka ware musu, suna aika sakamakon ga ƙungiyar nazarin tsuntsaye ta BTO. Da aka tattara takardunsu, sai ga shi ƙarara: fiye da kashi biyu cikin uku na wannan tsuntsu sun salwanta cikin shekara guda.

Sai a 1974 masana suka wallafa dalilin. Ashe tsuntsun a yankin Sahel yake cin rani, daga Senegal zuwa Nijar da arewacin Najeriya har gabas. Daminar 1968 ta yi ƙaranci, ƙwari da 'ya'yan itatuwan da yake ci ya tara kitsen tsallake Sahara suka yi wuya, akasarinsu suka mutu kafin su isa gida. Farin da ya kai mu ga yunwar 1973 ya fara nuna kansa ne a cikin littattafan waɗansu mutane da ba su taɓa taka ƙasar Hausa ba.

Su sun gane abin da ya sami tsuntsunsu domin sun san adadinsa tun yana da yawa. A nan gida labarin ya sha bamban.

Waɗanda suka ɓace ba a ƙirga ba

Duk wanda ya girma a Kano ko Katsina ko Maraɗi shekaru arba'in da suka wuce ya san ungulu a mahauta da bakin kasuwa, tana tafe a ƙasa kusa da mutane ba ta ko tsorata. Yau akwai matasa masu aure da 'ya'ya da ba su taɓa ganin ta da rai ba. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya wannan ungulu ta gari a jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Bayan shekara guda wani babban nazari ya nuna cewa nau'o'in ungulu takwas na Afirka sun ragu matuƙa, bakwai daga cikinsu da kashi 80 cikin 100 ko fiye. Dalilan sanannu ne: guba da ake zubawa a mushe, sare manyan itatuwan da take sheƙa, da cinikin kanta da ƙafafunta da ƙwanta a kasuwannin maganin gargajiya da na tsibbu, cinikin da Najeriya ke cikin manyan cibiyoyinsa.

Abin lura shi ne yadda aka samo hujjar a Afirka ta Yamma. Wani Bafaranshe mai suna Jean-Marc Thiollay ya bi hanyoyin mota a Burkina Faso da Mali da Nijar tsakanin 1969 da 1973 yana ƙirga tsuntsaye masu farauta. Ya sake bin waɗannan hanyoyi a 2003 da 2004, ya tarar manyan ungulaye sun ragu da kusan kashi 98 cikin 100 a wajen gandayen da ake karewa. Yanki mai miliyoyin mutane da ke ganin ungulu kowace safiya ya dogara da littafin mutum ɗaya, kuma sai da shekara talatin ta wuce kafin a samu abin kwatantawa.

Haka ta faru da gauraka, tsuntsun da ake ɗauka a matsayin tsuntsun ƙasa a Najeriya. A da dubbai ne a fadamun Arewa. Kamu domin sayarwa ga masu ajiye shi a gida, da bushewar fadamu, suka kusan share shi daga dajin ƙasar baki ɗaya. Mahauta da manoma da makiyaya sun ga yadda abin ke tafiya, shekara bayan shekara. Sai dai ganin ido wanda ba a rubuta da rana da wuri ba, ba ya shiga ofis, ba ya sa a kafa doka, ba ya sa a ware kuɗi.

Asarar ba ta tsaya kan tsuntsu ba. A Indiya, maganin dabbobi mai suna diclofenac ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na ungulayen ƙasar kafin a hana shi a 2006. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, cututtuka suka bazu. Wani nazari da aka wallafa a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutane kimanin rabin miliyan tsakanin 2000 da 2005.

Yadda mutanen gari suka shiga aikin

Sanya jama'a cikin tattara bayanan kimiyya tsohuwar dabara ce. A Amurka an saba fita ranar Kirsimeti a yi gasar wanda zai fi harbe tsuntsaye. A 1900 wani masani, Frank Chapman, ya ba da shawarar a ajiye bindiga a ƙirga su. Mutum 27 ne suka amsa kiran a wurare 25. Wannan ƙidaya ba ta taɓa tsayawa ba har yau, kuma tana cikin bayanan da aka yi amfani da su a 2019 aka gano cewa Arewacin Amurka ya yi asarar tsuntsaye kusan biliyan uku tun 1970. A 2002 Jami'ar Cornell da ƙungiyar Audubon suka buɗe rumbun eBird a intanet, wanda ya haura rahoto biliyan ɗaya a 2021.

A Afirka, Afirka ta Kudu ce ta buɗe hanya. Ta zana taswirar tsuntsayenta ta farko tsakanin 1987 da 1991, ta fara ta biyu a 2007. Da aka ɗora taswirorin biyu gefe da gefe sai aka ga abin da mutum ɗaya ba zai taɓa gani ba: inda hankaka ke yaɗuwa, da inda manyan tsuntsayen fili ke ja da baya. Kenya ta bi sahu, sannan Najeriya.

Shirin Taswirar Tsuntsayen Najeriya, NiBAP, ya fara ne a ƙarshen 2015 a ƙarƙashin cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis, wato APLORI, da ke dajin Amurum kusa da ƙauyen Laminga a wajen Jos. Cibiyar haɗin gwiwa ce da Jami'ar Jos da Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, NCF, da mutanen Laminga, kuma tun farkon shekarun 2000 take yaye ɗalibai masu digiri na biyu a fannin kare halittu. Kafin wannan shiri, abin da aka sani game da bazuwar nau'o'in tsuntsayen Najeriya sama da 900 ya ta'allaƙa ne kan rubuce-rubucen baƙi 'yan ƙalilan, irin su littafin John Elgood na 1982 da aka sabunta a 1994. Bayanan sun fi yawa inda waɗannan baƙi suka zauna aiki, kamar Ibadan da Zariya da Kano da Jos. Sauran ƙasar kuwa kusan babu komai a rubuce.

Yadda ake aikin

An raba taswirar Najeriya gida-gida kamar allon dara. Kowane gida yana da tsawon kimanin kilomita tara da faɗin kilomita tara, masu aikin suna kiran sa fentad, kuma akwai irinsu sama da 11,000 a ƙasar. Mai ƙidaya zai zaɓi gida ɗaya ya shafe aƙalla awa biyu a cikinsa, yana ƙoƙarin leƙa kowane irin wuri: gona, bakin rafi, cikin gari, kan dutse, juji, gindin kuka. Duk tsuntsun da ya gani ko ya ji kukansa ya tabbatar, sai ya rubuta shi bisa jerin yadda suka bayyana. Yana iya ci gaba da ƙara wa jerin nan har kwana biyar. Akasari da manhajar BirdLasser ake yi a waya, ita ke ɗaukar wuri da lokaci da kanta ko babu sabis, a tura bayanan daga baya idan an samu intanet.

Waɗannan ƙa'idoji su ne suka raba aikin da yawon shan iska. Idan kowa ya bi tsari ɗaya, jerin ɗalibi a Dutse da na ma'aikacin gandun daji a Yankari suna iya zama a ma'auni ɗaya. Daga nan ake fitar da lissafin da ya fi komai amfani: a cikin jeri ɗari da aka kawo daga wani yanki, a nawa ne aka ga shirwa? Idan bana ta fito a tamanin, bayan shekara goma ta koma talatin, an san akwai matsala tun kafin ta ɓace.

Shi ya sa masu koyar da sababbin shiga suke nanata abu biyu. Na farko, a rubuta har tsuntsun da aka raina. Sabon shiga yakan so ya kawo labarin wani baƙon tsuntsu, ya manta da kurciya da balbela da hankaka. Alhali ungulu ma tana cikin waɗanda aka raina a 1975. Na biyu, rashin gani shi ma bayani ne. Wanda ya yi awa uku a mahauta da kewayenta bai ga ungulu ko ɗaya ba, ya kawo shaida mai nauyi, muddin ya rubuta duk sauran abin da ya gani domin a san ya duba da gaske.

Akwai kuma tacewa. Idan mutum ya ce ya ga tsuntsun kurmin Kuros Riba a Gumel, rahoton ba zai shige kai tsaye ba. Za a nemi hoto ko ƙarin bayani, ƙwararru su duba. Wani lokaci kuskure ne, a gyara wa mai kawowa ya ƙaru. Wani lokaci kuma gaskiya ce, taswirar ta faɗaɗa.

A Arewa, matasan da suka haɗu a ƙarƙashin tawagar Arewa Atlas Team ne suka ɗauki nauyin shiga gidajen da ba a taɓa rubuta komai daga cikinsu ba. An kuma kafa ƙungiyoyin kallon tsuntsaye a jami'o'i da garuruwa da dama, inda ake fita tare a koya wa juna.

Dausayin Haɗeja da Nguru

In ana neman wurin da ƙidaya ta yi aiki a ƙasar Hausa, to dausayin da kogin Haɗeja da na Jama'are suka shimfiɗa tsakanin Jigawa da Yobe ne, kafin ruwan ya zama Komadugu Yobe ya nufi Tafkin Chadi. Idan hunturu ya shiga Turai, agwagin ruwa da tsuntsayen bakin gaɓa sukan tsallako Sahara su sauka nan, su tarar da 'yan gida irin su kirinjijiya da dinya da zalɓe. A watan Janairu ake ƙirga su, lokaci ɗaya da sauran ƙasashe, a ƙarƙashin ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya da aka fara a 1967. Ana yin ta a lokaci guda ne domin kada a ƙirga garke ɗaya sau biyu, a nan da kuma Mali. Ƙidayoyin tsakiyar shekarun 1990 sun riƙa nuna tsuntsaye sama da 200,000 a dausayin, wata shekarar har fiye da 300,000.

Waɗannan alƙaluma suna da muhimmanci a hukumance. Ɗaya daga cikin sharuɗɗan Yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayoyi shi ne, duk dausayin da ke ɗaukar tsuntsayen ruwa 20,000 a kai a kai ya cancanci a san da shi a duniya. A 2000 Tafkin Nguru da mashigin Marma suka zama wurin Ramsar na farko a Najeriya. Dagona da Baturiya suka biyo baya a 2008.

Abin da ke damun tsuntsayen wurin shi ne ke damun mutanensa. Madatsar Tiga da aka gama a 1974 da ta Challawa a 1992 sun rage ambaliyar da ke cika fadamu kowace shekara. Ruwan da ya daina hawa da sauka yadda ya saba ya ba ciyawar kacala damar toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su, ta kuma zama maɓoyar jan baki, tsuntsun da ke iya tashin gonar gero ko shinkafa cikin 'yan kwanaki. Saboda haka jerin tsuntsayen da aka tara shekara da shekaru tarihin ruwan ne a rubuce. Idan agwagi sun ƙaura daga wani tafki, masunci ma ya riga ya ji a komarsa.

Wannan ne amsar manomin da zai ce shi tsuntsu abokin gaba ne, me zai sa ya ƙirga shi. Sanin inda jan baki ke kwana da lokacin da yake tasowa shi ne matakin farko na kare gona, kuma yana hana a yi feshin guba barkatai a kashe har tsuntsayen da ke cinye fara da tsutsa. Masu kiwon kaji ma suna da rabo. Tun da murar tsuntsaye ta fara ɓulla a Najeriya, a wata gonar kaji a Jihar Kaduna a farkon 2006, ake buƙatar sanin hanyoyin da tsuntsayen ruwa ke bi da wuraren da suke cuɗanya da kajin gida.

Inda gizo ke saƙar

Babbar matsalar ita ce taswirar ta fi cika inda ake da hanya da jami'a da kwanciyar hankali. Dazuzzukan Zamfara da Birnin Gwari da gaɓar Tafkin Chadi, waɗanda ke cikin wuraren da aka fi buƙatar labarinsu, ba mai shiga da madubin hangen nesa a yanzu. Ko a inda ake zaman lafiya, baƙo da kyamara da madubi yana leƙen bishiyoyi abin zargi ne. Masu aikin sun koyi cewa kafin a shiga daji sai an fara zuwa ƙofar mai unguwa ko dagaci an yi gaisuwa, an faɗi abin da ya kawo mutum, an nemi ɗan rakiya. Da ɗan gari akan ci gari.

Sai tsada. Madubi mai kyau da littafin gane tsuntsaye da kuɗin mota sun fi ƙarfin ɗalibi, shi ya sa a ƙungiyoyi da yawa ake karɓa-karɓa da madubi ɗaya. A Turai wannan aiki na masu hali ne da 'yan fansho. A nan matasa ne, da yawansu ba su da aikin yi, kuma tallafin da ke ɗaukar tafiye-tafiyen akasari daga waje yake zuwa. Shirin da amfaninsa ke ga daɗewa ba ya jure yankewar kuɗi.

Akwai haɗari ma cikin bayanan kansu. Wanda ya wallafa ainihin bishiyar da ungulu ke sheƙa yana iya zama ya yi wa mai farautarta jagora. Saboda haka ne eBird ke ɓoye takamaiman wuraren da aka ga nau'o'in da ake fataucinsu, kuma ya kamata mai ɗora hoto a Facebook ya yi irin wannan taka-tsantsan.

Matsala ta ƙarshe ita ce harshe. Manhajojin da littattafan da Turanci ko Faransanci suke. A Nijar, inda rumbun bayanan tsuntsaye da aka fara domin ƙasar ya faɗaɗa ya haɗa da Chadi da Burkina Faso, haka abin yake. Wannan ya bar waɗanda suka fi kowa sanin daji a waje. Maharbin da ke sa kan burtu ya yi sanɗa ya san halin tsuntsayen fili fiye da mai digiri. Makiyayi ya san ko carki na nan a bayan shanunsa ko ya daina zuwa. Manomi ya san makon da shamuwa ta sauka a kan bishiyar ƙofar gari, domin da zuwanta yake fara gyaran gona. Shamuwa tana tafiya har kudancin Afirka idan rani ya yi, ta dawo gabanin damina. Da a ce ƙauyuka ɗari suna rubuta ranar saukarta da yawan sheƙunanta kowace shekara, da an samu ma'aunin sauyin yanayi wanda ba a kashe masa ko sisi ba.

Abin da ya rage a yi

Gyaran ba ya buƙatar wata babbar hukuma. Ana buƙatar ƙaramin littafin tsuntsayen ƙasar Hausa mai hotuna da sunayensu na Hausa da Fulatanci da Kanuri, wanda aka tattara daga bakin maharba da masunta tun suna raye. Ana buƙatar sassan nazarin halittu na jami'o'i da kwalejojin ilimi su ɗauki gidajen taswirar da ke kewaye da su, su riƙa aika ɗalibai kowane zango, domin komawa wuri ɗaya sau da yawa ya fi zuwa wuri mai nisa sau ɗaya amfani. Ma'aikatun muhalli na jihohi kuma, kafin su amince da madatsa ko babbar gona ko hanyar da za ta ratsa fadama, su nemi a buɗe musu bayanan wurin, tunda kyauta suke a intanet.

Shi kuwa mai karatu, abin da zai fara da shi waya ce da awa biyu na safiyar Asabar. Ranar Tsuntsaye Masu Ƙaura ta Duniya tana zuwa sau biyu a shekara, Asabar ta biyu a Mayu da ta biyu a Oktoba, kuma ƙungiyoyin kallon tsuntsaye sukan fita a waɗannan ranaku, suna maraba da wanda bai san komai ba. Mutum na iya farawa da tsuntsaye goma da ya sani tun yana yaro, ya ƙara ɗaya ko biyu a kowace fita. Akwai dubban gidaje a taswirar Najeriya da ba a taɓa kawo jeri ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma da yawansu garuruwa ne cike da mutane. Duk wanda ya fara rubuta na garinsu, da jerinsa za a auna duk abin da za a gani a wurin nan da shekara ashirin.